Jita A Rediyon Malam

A duk tsawon shekarun da na yi ina taɓa waya, sau ɗaya na yi gyaran da ya kusa raba ɗa da ubansa. Abin haushin kuma, gyaran ya yi kyau. Kyawun nasa ne ma ya jawo masifar.

Wajajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina aikin lantarki a wata masaƙa a Challawa. In fis ya ƙone ko inji ya tsaya, ni ake ƙwala wa kira. A bayan fage kuma ina gyara wa ma'aikata rediyo da kaset, a wani ɗan ɗakin kwano da ke manne da ɗakin janareta. Shi ya sa suka laƙaba mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsiya. Ni kuwa na riƙe sunan hannu bibbiyu, har ina jin haushin wanda ya kira ni ba da shi ba.

Ina da aboki a sashen saƙa, ɗan wani ƙauye da ke bayan kamfanonin, irin waɗanda aka gina masana'antu a kan rabin gonakinsu. Dogo ne, shiru-shiru, in ka ga haƙoransa to hamma yake yi. Mahaifinsa Malam shi ne limamin unguwarsu, ya tsufa, idanunsa sun yi yana. Abokina ne ɗansa na fari, Malam kuma mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya yi masa magana baki da baki. Gida ɗaya suke, amma in da saƙo sai ta bakin wani: "A gaya wa wancan." Gaisuwar safe kaɗai ke haɗa su, ita ma daga bakin ƙofa.

Wata Asabar bayan an tashi daga aikin safe, sai ga shi ya shigo ɗakina rungume da buhun ƙyallaye, yana waige-waige.

Ya ce, "Injiniya, rufe ƙofar."

Na ce, "Me ka sato?"

Ya kwance bakin buhun, ya zaro jita, ja, ta lantarki, gefenta duk ya goge. Na ce tabɗijam! Ɗan liman da jita! Ashe shekara biyu ke nan yana zuwa Bompai wurin wani ɗan Gana makanike, mai kiɗa a otal-otal ɗin Sabon Gari ranakun hutu, yana koya masa a ɓoye. Yanzu ɗan Ganan ya koma ƙasarsu, ya bar masa jitar. Lasifikar kuwa ya sayar kafin ya tafi. Jitar lantarki in ba lasifika, sautinta bai fi kukan sauro ba. Wannan ya yi wa mai ɓoyo daɗi, amma bai yi wa mai son jin abin da yake kaɗawa ba.

Sai ya sake laluba buhun ya fito da wani ɗan akwati kamar kwalin sigari. Wayalis muke ce masa. Ana soka shi a jikin jita, a maƙala a ƙugu, shi kuma ya tura sautin ta iska zuwa wani akwatin da ke karɓa, ba sai an ja waya ba. Akwatin karɓar ya bi lasifika. Abokina ya je kasuwa ya sayo wani na gwanjo, mai kanti ya rantse masa wai duk ɗaya ne. Ƙarya yake, Allah ya isa. Kowane irin akwatin nan da zangon da aka ɗaure shi a kai tun daga inda aka ƙera shi. In mai turawa da mai karɓa ba a zango ɗaya suke ba, ko ka haɗa su goshi da goshi ba za su ji juna ba. Kwana biyu na ɓata a kansa, a na uku na ce ya kai wa matarsa ta riƙa ɗora kwanon gishiri.

Da ina da hankali a lokacin, da na haɗa masa ɗan abin ƙara sauti mai waya, daga jita zuwa kunne, magana ta ƙare. Amma ina! Ni ai Injiniya ne. Na duba rubutun jikin wayalis ɗin na ga a kusa da zangon FM yake turawa, sai kaina ya kumbura. Na ce masa, "Kai, ba ka buƙatar wani akwati. Rediyon aljihunka ma ya isa, ka sa abin kunne ka sha kiɗanka."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Muka murɗa rediyon daga farko har ƙarshe, babu komai sai shuuu. Ashe an yi abin ne don wata ƙasa da rediyoyinta ke farawa ƙasa da namu, sautin yana can ƙarƙashin inda allurarmu take tsayawa. Na buɗe shi. A ciki akwai wani ɗan naɗin waya mai dunƙulen baƙin abu a tsakiya, wanda in ka juya shi zangon yake hawa ko sauka. Da na sa sukundireba sai zangon ya gudu, da na cire sai ya dawo wani wuri daban, don ƙarfe yana ruɗa shi. Na yi ta zage-zage ni kaɗai. Daga ƙarshe na feƙe tsinken ashana, da shi na lallaɓa shi a hankali, a hankali, abokina yana taɓa tsirkiya ɗaya, har muka ji "tinnn" ta fito a can ƙarshen rediyon, inda babu wata tasha. Ranar na ga haƙoransa ba da hamma ba.

Matsalolin ba su ƙare ba. Bakin da ake sokawa a jita ya saki, sai ƙarar-ƙarar, na matse shi. In ya kusanci doguwar fitilar ɗakin sai gurnani. In ya juya jikinsa kuma sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya, saboda eriyar ta karye, guntu ne ya rage bai fi ɗan yatsa ba. Na samo waya mai laushi, na auna kamu ɗaya da rabi, na liƙa da dalma. Nan take sauti ya zauna daram.

A nan ne ya yi mini tambayar. Ya ajiye jitar a cinyarsa ya ce, "Injiniya, ka tabbata ba zai fita waje ba? Rediyon wani ba zai kama ba?"

Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Yana yaro ya taɓa haɗa gurmi da gwangwanin kifi, Malam ya kama shi da shi. Ya tattake gurmin, ya kira ƙaninsa, wato baffan abokina, ya ce a gaya wa wancan: gidan nan ba a taɓa haifar maroƙi ba, kuma ya rantse da Allah ranar da ya sake jin kiɗa ya fito daga hannunsa, ba shi ba shi, ya nemi wani uban da wani gidan. Mutumin da ba ya yi maka magana, in ya yi sau ɗaya ai ba ka mantawa. Abokina ya ce, "Ka ga ni ba korar nake tsoro ba. Kada tsohon nan ya bar duniya yana fushi da ni."

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba! Ni za ka koya wa aiki? Kaɗa mu gani." Ya kaɗa, na ɗauki rediyon na fita ina ƙirga taku. Ɗaya, biyu, uku. Ina kaiwa goma sautin ya mutu murus. Na dawo ina huci na ce, "Taku goma. Ko akuyar da ke ƙofar ɗakinka ba za ta ji ba." Don in nuna masa ni mai kirki ne, har na cire tsohon batirin ɗan Gana da ya kusa mutuwa, na sa masa sabo fil na ba shi kyauta.

Wata uku ko huɗu abin yana tafiya lafiya. Satin da yake aikin dare, in ya dawo ya ɗan runtsa, da hantsi sai ya shige shagonsa da ke bayan gida, lokacin maza duk sun tafi gona ko kamfani. Ya kulle, ya sa abin kunne, ya yi ta yi har a kira azahar. Matarsa kaɗai ta sani. Ya yi ƙiba, wallahi. Har tsokanar mutane ya fara yi a wurin mai shayi. In batir ya yi sanyi tashar takan zame gefe, sai ya kawo mini in sake saita ta da tsinken ashana, ina yi ina yi masa burga.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis na gan shi tsaye a ƙofar ɗakina tun kafin lokacin shigarsa aiki, fuskar nan kamar an yi masa mutuwa. Na ce lafiya? Ya ce ba lafiya ba.

Ashe tun tuni matan unguwa suke labarin wata tasha, wai ta Nijar ce, ba a magana a cikinta, sai kiɗa mai daɗi, da hantsi take zuwa, wani satin kuma ba ta zuwa. Matarsa tana jin zancen a wurin suna da wurin biki, ba ta kawo komai a ranta ba. Sai yau, ta kai wa Malam kunu a zaure, ta tarar da shi zaune a kan buzu, rediyonsa a gefe, abin da mijinta yake kaɗawa a bayan gida yana fitowa tar. Ta ce saura kaɗan kwanon ya suɓuce mata.

Na ce, "Ƙarya ne! Ba zai yiwu ba. A gabanka na gwada."

Ya ce, "A gabana ka gwada."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi muka ɗauki buhun muka yi bayan kamfanoni, can cikin gonaki, inda ba kowa. Ya zauna a gindin wata ɗorawa yana kaɗawa, na ɗauki rediyo na miƙe. Taku goma, yana nan. Hamsin, yana nan. Ɗari, kamar a kunnena yake zaune. Na daina ƙirgawa, na yi ta tafiya har ya zama ɗan ɗigo a gindin bishiya, sannan sautin ya fara shashshaƙa. A nan na tsaya na gane haukana. Na yi gwaji a cikin ɗakin kwano, jikin janareta, injuna ɗari suna zuga a kewaye, da mataccen batir. Sannan na tura mutum gidan ƙasa, a fili fetal, da doguwar eriya da sabon batir. Ba gidansu kaɗai ba, rabin ƙauyen na haɗa masa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma da hannuna na yi shi.

Na dawo na sa filaya na datse eriyar tun daga tushe. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, haka Allah ya rubuta. Ya mayar da jitar cikin buhu, ya kai ta ƙarƙashin gado, bai sake taɓa ta ba.

Sai jira. Kullum da safe ya je gaisuwa yana jiran a ce a kira baffansa, Malam ya amsa kamar yadda ya saba, a taƙaice. Shirun nan ya fi duka ciwo. Ƙibar da ya yi ta zube. Sau biyu zare yana tsinkewa a injinsa bai lura ba har sai da aka yi masa tsawa. Ni ma abinci ya daina yi mini daɗi, na huce haushina a kan duk wanda ya kawo mini kaset. Wani bawan Allah ya tambaye ni ko rediyonsa zai gyaru, na ce ya je ya tambayi ubansa. Har yau ina jin nauyin mutumin nan.

Ana nan, wata Asabar abokina ya zo ya ce Malam ya aiko ta bakin surukarsa: a gaya wa wancan ya turo mai gyaran rediyon kamfaninsu. Muka kalli juna. Ya ce, "Shaida yake nema." Na ce ko yanka ni zai yi sai na je, ai ni na haɗa.

Washegari da hantsi na rataya jakar kayan aikina na hau keke. Abokina ya shige shagonsa, ni na yi sallama a zaure. Malam ɗan ƙaramin tsoho ne, fari, gemunsa ba yawa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne mai lantarkin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya turo mini rediyon da bayan hannunsa. Ya ce, "Akwai wata tasha can ƙarshe, in ka murɗa har ya tsaya. Ba labarai, ba talla. Kwana goma sha bakwai ke nan ban same ta ba. Duba mini."

Na kwance bayan rediyon. Lafiyarsa ƙalau, na sani. Na hure ƙura, na goge kan batir, na taɓa nan na taɓa can, ina neman ƙaryar da zan yi wa liman. Da ƙyar na ce, "Baba, ina jin daga can ne. Kun san tashoshin Nijar ɗin nan, wani lokaci sukan rufe."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ɗan nan, idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Tashar Nijar ce take bin satin aikin dare na kamfaninku? Tashar Nijar ce take yin shiru in ladaninmu ya kira azahar?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, laifina ne. Ni na haɗa abin, ni na ce masa ba wanda zai ji. Ku yi mini duk hukuncin da za ku yi, amma shi..."

Ya ɗaga hannu na yi shiru. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ka san abin da yake kaɗawa?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, ni ban taɓa tambaya ba, ni dai sautin nake saurare ko ya fita ko bai fita ba.

Ya ce, "Waƙar niƙan uwarsa ce, Allah ya jiƙanta. Daga garinsu ta zo da ita, ba wadda ta iya ta a nan. Yana shekara tara ta rasu. Na ɗauka an binne waƙar tare da ita." Ya goge idonsa da gefen rawani. "Ranar da na fara kamawa, tsayuwa na yi niyyar yi in aika a kira ƙanina. Sai na zauna ina saurare har ta ƙare. Na ce to gobe. Goben ma na murɗo ta da hannuna."

Tausayin tsohon nan ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Na yi rantsuwa, da zafin rai na yi ta. Ranar Juma'ar da ta wuce na ciyar da miskinai goma, na yi kaffara. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba sai an yi shela ba. Ka gaya wa wancan: kada in ji an gan shi a dandali, kada in ji an manna masa kuɗi a goshi. Ban da wannan, ba ni da magana."

Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Na fara tattara kayana da sauri, don ji nake kamar in tashi sama.

Ya ce, "Tsaya. Akwai kowa a waje?"

Na leƙa na ce babu.

Ya ce, "Akwai wurin da kullum yake ɓata. In ya zo nan sai ya hau sama, ya tsaya, ya koma farko, ya sake hawa. Wata huɗu ina jin sa yana faɗuwa a rami ɗaya. Ba hawa take yi ba, sauka take yi. Matso."

Na matsa. Limamin unguwa, mai shekara kusan tamanin, ya kawo bakinsa kusa da kunnena ya rera mini waƙar niƙa ƙasa-ƙasa, muryar tana karkarwa. Ya ce in maimaita. Ni kuwa muryata kamar ƙofar langa-langa. Na yi, ya ce a'a. Na sake, ya ce, "Kai, wannan ai kukan jaki ne." Sai a karo na biyar ya ce to, da dama-dama, in tafi kafin ta zube.

Baƙo namiji ba ya ratsa cikin gida, dole na zaga ta lungu. Na tafi ina gunguni da ita a baki kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu. Wani dattijo ya yi mini sallama, na ɗaga masa hannu kawai na wuce, na san ya ce ba ni da tarbiyya. Na tura ƙofar shagon, abokina ya miƙe zumbur. Ya ce, "Me ya ce?" Ban ba shi amsa ba, don in na yi magana za ta gudu. Na rera masa.

Ya tsaya yana kallona. Sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce, "Haka ne. Wallahi haka take yi." Ya kifa kansa a gwiwa ya yi kuka irin na yara, ni ma ban tsira ba. Sai da ya lafa na gaya masa sauran saƙon, har da maganar dandali.

Ƙauyen ba wuta a lokacin. Matarsa ta miƙo garwashi a kasko ta ƙofar ciki, na gasa kan ƙarfen narka dalmata, na auna waya kamu ɗaya da rabi na liƙa a inda na datse. Ya jawo buhun daga ƙarƙashin gado. Ya daɗe yana ɗaure tsirkiya. Na ga ba zai iya ba ina kallonsa, sai na fito na ja masa ƙofar.

Ina tura kekena a lungu na ji waƙar ta fara fitowa daga zaure, can ƙasa-ƙasa. Na tsaya a jikin katanga. Ya zo wurin da yake ɓatawa, ya ɗan yi jinkiri, sannan ya sauka. Sai na ji an ƙara muryar rediyon.